Juye Daban, Ciko Daban: Tsohon Baƙin Mai A Injin Jirgin Ruwa Da Na Ban-Ruwa

Duk wanda ya biyo babbar hanya daga Aliero ya ratsa Jega ya nufi Maiyama tsakanin watan Disamba da Afrilu, zai ji ƙarar injuna kafin ya ga masu su. Fadama ce cike da albasa da shinkafar rani da tattasai, kowane fegi da ɗan injin ban-ruwansa a gefe. Idan ka zarce kudu ta Koko har Yawuri da Ngaski, inda Kwara ta buɗe ta zama tafkin Kainji, sai ƙarar ta koma ta injin da ake maƙala wa jirgin ruwa a baya, wanda ke ɗaukar 'yan kasuwa da buhunan hatsi da babura daga wannan gaɓa zuwa waccan. A Gulbin Zamfara da ya bi ta gefen Jega an fi ganin kwale-kwale na filafili da gora, amma da yawa cikinmu 'yan poli muna da ɗan'uwa ko maƙwabci da ke cin abinci a kan ruwan Yawuri, kuma kusan kowannenmu akwai injin ban-ruwa a gidansu.

Injunan nan biyu ciwonsu ɗaya ne, wato baƙin mai da ya tsufa a cikinsu. Bambancin kawai shi ne inda suke mutuwa. Na ban-ruwa ya buga a tsakiyar watan Fabrairu, albasa ta kwana huɗu ba ruwa, an yi asarar kuɗin taki da na iri. Na jirgi kuwa idan ya ɗauke a tsakiyar gulbi, jirgin da ya yi lodi sai ya juya ya ba igiyar ruwa haƙarƙarinsa, matuƙi ba shi da abin da zai miƙe shi da shi. Mutanen jihar nan ba su manta da ranar 26 ga Mayu, 2021 ba, lokacin da jirgi ɗauke da mutum fiye da ɗari ya tarwatse a kusa da Warra ta ƙaramar hukumar Ngaski. Abin da aka ambata a wancan hatsari shi ne yawan lodi da tsufan jirgi, ba mai ba. Na kawo shi ne don mu tuna irin nauyin rayukan da ke kan waɗannan jirage kullum safiya.

Wane irin inji ne a hannunka?

Kafin a yi maganar juye, sai an san injin, domin akwai wanda ba a yi masa juyen baƙin mai sam. Injunan fetur ƙanana iri biyu ne, mai bugu biyu da mai bugu huɗu. Kowa a hostel ya san ƙaramin janareta Tiger da ake zuba wa mai a cikin fetur, mai hayaƙi shuɗi-shuɗi. To wannan shi ne mai bugu biyu. Ba shi da kwanon da mai ke kwanciya a gindinsa. Man yana shiga tare da fetur, ya shafi fistan da sauran abin da ke juyawa, ya ƙone ya fita ta salansa. Babur ɗin Boxer da injin markaɗe da injin ban-ruwa irin Honda GX160 da kwafinsa 'yan China su ne masu bugu huɗu. Fetur yana tankinsa, baƙin mai yana gindin inji, kuma man nan ɗaya ne zai yi ta zagaye har ranar da aka fitar da shi.

Mafi yawan injunan jirgi da ake gani a ruwanmu masu bugu biyu ne, musamman Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40 ko 75, saboda ba su da nauyi kuma kowane bakanike yana iya kwance su. A irin waɗannan, abin lura shi ne awon gauraye. Yawancinsu suna son 50 da 1, ma'ana lita 50 ta fetur ta samu lita 1 ta mai. Lissafin ba wuya: jarka mai lita 25 tana buƙatar rabin lita. Sabon inji da ake horarwa ana ninka masa man a sa'o'in farko, ya koma 25 da 1. Littafin da ya zo da injin shi ne alƙali, ba ido ba. Kuma man da aka yi don injin jirgi shi ne wanda aka rubuta wa TC-W3 a jikin galan, domin injin jirgi ruwa ne ke sanyaya shi, zafinsa bai kai na injin da iska ke sanyayawa ba, don haka man da zai ƙone tsaf a cikinsa daban ne. Wanda ya zuba baƙin man mota a fetur, balle wanda aka juye daga wani inji, zai ga fulogi yana yin baƙi kullum, ringi ya maƙale da gawayi, ƙarfi ya ragu.

Sai dai ko mai bugu biyun yana da mai guda da ake juyewa, man giya da ke can ƙasa kusa da farfela. Zan zo kansa, domin shi ne aka fi mantawa da shi.

Me ya sa ciko ba ya isa?

Za ka ji manomi ya bugi ƙirji ya ce, "Yaro, wanga inji shekara ukku shina aiki, ban taɓa zubda mai nai ba, ciko kawai nika yi." Gaskiya ya faɗa, injin yana tashi. Abin da bai gani ba shi ne abin da ke taruwa a ciki.

Baƙin mai aiki huɗu yake yi a lokaci guda. Yana raba ƙarfe da ƙarfe kada su ci juna, yana kwashe zafi daga fistan, yana toshe 'yar kafar da ke tsakanin ringi da bangon silinda, sannan yana wanke datti ya riƙe shi a jikinsa. Wannan na ƙarshen shi ne dalilin da ya sa sabon mai ruwan zuma yake komawa baƙi. Baƙin da kansa ba laifi ba ne, alama ce man yana aikinsa. Matsalar ita ce akwai iyakar dattin da zai iya ɗauka. Kowane bugu na inji, ɗan hayaƙi yana sulalewa ta gefen ringi ya gangara cikin mai, ya zo da toka da fetur ɗin da bai ƙone ba da tururin ruwa. Fetur yana tsinka man. Tururi idan inji ya huce sai ya koma ruwa, ya haɗu da ragowar ƙuna ya zama sinadari mai tsami da ke cin ƙarfe a hankali. Ga ɓurɓushin ƙarfen da injin kansa ke zubarwa, ga ƙurar hunturu da ke shigowa ta matatar iska idan ta yage ko an cire ta. Sinadaran da kamfani ya zuba a cikin man don yaƙi da duk waɗannan su ma ƙarewa suke yi, kamar yadda sabulu ke ƙarewa a ruwan wanki.

To idan ka yi ciko, ka ƙara sabon mai ne a kan wannan kwata. Kamar mutum ne ya ƙara ruwa mai kyau a bahon da aka gama wanke kayan gona, ya ce zai wanke farar shadda. Abin da ya ƙara muni a ƙananan injuna irin na ban-ruwa shi ne ba su da filtar mai kwata-kwata, ba su da famfon mai. Wani ɗan cokali ne a gindin sandar fistan yake tsoma kansa cikin mai yana fantsama shi sama. Duk yashin da ya shiga, cokalin nan zai yi ta watsa shi kan fistan sau dubbai a minti ɗaya. Hanya ɗaya ce kawai dattin zai bar injin, ita ce a buɗe noti a zubar.

Yaushe? Honda ta ce a yi wa GX160 juyen farko bayan awa 20 na aiki, daga nan kowace awa 100 ko wata 6, duk wanda ya riga zuwa. Injunan jirgi masu bugu huɗu na Yamaha ma awa 20 ne na farko, sannan kowace awa 100. Mutane wata shidan nan suke riƙewa, su manta da awa ɗari. Yi lissafi da kanka. Injin da ke ban-ruwa awa 8 kullum ya cika awa 100 cikin kwana 12 da rabi. Jirgin da ke fito awa 5 a rana ya cika cikin kwana 20. Wato a noman rani guda na wata huɗu, injin da ke aiki sosai yana bin mai shi bashin juye kusan goma. Ga kuma zafin Maris da Afrilu a nan Kebbi da ke haura digiri 40, alhali iskar da ke waje ita ce ke sanyaya injin. Na san tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, komai ya yi tsada, kuma manomi ko matuƙi idan kuɗi suka yi kaɗan baƙin mai ne abu na farko da yake yi wa rowa. Amma GX160 ɗan abin da yake sha bai wuce lita 0.6 ba. Galan mai lita 4 juye shida ne har da saura. A kwatanta da kuɗin fistan da ringi da gyaran silinda da ladan bakanike, da kwanakin da gona za ta yi tana jira.

Fitar da man daga injin jirgi

A injin jirgi mai bugu huɗu, abu na farko shi ne a ɗumama man. Mai mai sanyi yana da kauri, kuma dattin da ke cikinsa ya riga ya kwanta a ƙasa. Idan ka buɗe noti a haka, na saman ne zai fito, laka ta zauna tana jiran sabon mai. A tayar da inji ya yi 'yan mintuna, man ya tsinke, dattin ya tashi ya gauraya. Amma a kula, ba a tayar da injin jirgi a kan tudu ba ruwa, ko na ɗan lokaci ne. A cikin ƙafarsa akwai wata 'yar farfelar roba da ke jawo ruwan sanyaya inji, ruwan ne kuma ke shafe ta. Ta juya a bushe, nan take take ƙonewa. Sai dai a ɗumama shi yana cikin gulbi, ko a tsoma ƙafarsa a durom mai ruwa har ya rufe kafofin shan ruwa, giya tana firi.

An kashe, sai a tsayar da shi cak a miƙe, ba a kishingiɗe yadda ake ɗaga shi idan an zo gaɓa ba, a ba shi minti biyar zuwa goma man da ya hau sama ya gangaro. A zare igiyar kashe inji ko a cire hular fulogi don kada wani yaro ya ja ya tashi. Daga nan hanya biyu ce.

Ta farko ita ce notin juye da ke gefen ƙafar inji. Tana fitar da mai da kyau, amma fa man yana bin jikin inji ne ya tsiyaya, kuma idan jirgin yana kan ruwa, to kai tsaye gulbi zai nufa. Ba yadda za ka riƙe kwano a bayan jirgi mai lilo ka tare shi duka. Wannan hanya ta wanda ya sauke inji ya kai shi tudu ce, ya rataye shi a kan katako, ya shimfiɗa leda ko buhu a ƙasa, ya sa mazurari.

Ta biyu, wadda ni a ganina ita ta fi dacewa da masu jiragenmu, ita ce zuƙo man ta ramin geji. A zare gejin mai, a zura siririn tiyo har ya taɓa ƙasa, ɗaya bakin yana haɗe da famfon hannu mai tulu. Kana bugawa iska tana fita daga tulun, man yana hawowa ya zuba a ciki, ko ɗigo bai taɓa ruwa ba. Idan ka ji tiyo ya fara kukan shan iska, ka ɗan juya shi ka ƙara tura shi, sau da yawa akwai saura a wani lungu. A buɗe murfin zuba mai tun farko don iska ta samu hanyar shiga. Wasu kanikawa suna raina wannan hanya, wai ba ta fitar da komai. Gwajin mai sauƙi ne, ka auna abin da ya fito ka kwatanta da abin da littafi ya ce injin yana sha. Idan man da ɗuminsa kuma tiyon ya kai ƙasa, abin da zai rage kaɗan ne. Abin da ba a yi shi ne zuƙa da baki, yadda ake yi wa fetur a tasha. Mai ko fetur ya sarƙe mutum ya shiga huhu, ciwon da yake jawowa ya fi na wanda ya haɗiye shi.

Akwai wata al'ada da ta kamata a bari, ta ɗauraye cikin inji da fetur ko kananzir bayan an juye, har wasu su ja igiya ya ɗan juya wai ya wanku. Abin da ke faruwa shi ne ka wanke ɗan man da ya rage yana kare ƙarafa, sannan kananzir ɗin da ya maƙale a lunguna ya tsinka sabon man tun ranar farko. Idan tsohon man ya yi muni ƙwarai, a zuba sabo, a yi aiki da shi 'yan sa'o'i, a sake juyewa. Wannan ya fi kowace ɗauraya.

Injin da ke da filta a canza ta tare da man, a shafa wa robar bakinta sabon mai, a ɗaure da hannu. Notin juye a sa masa sabuwar washa, kuma a tuna jikin injin alminiyom ne. Wanda ya sa ƙarfin ƙato a sifana zai cinye zaren ramin, ya sayi aikin da ya fi juyen tsada. A zuba sabon mai, a tayar, a kashe, a jira, a duba geji. Ya tsaya tsakanin layi biyu. Yawan mai ba gata ba ne, kumfa yake yi ya fito ta inda ba a so.

Man giya, wanda ba ya kuka sai ya mutu

Can ƙasan ƙafar inji, inda sandar da ta sauko daga sama take juya ƙarfinta zuwa farfela, akwai akwatin giya. Kullum yana nutse a ruwa, abin da ya raba shi da gulbi 'yan zobban roba ne kawai. Mansa daban ne, mai kauri, yawanci lamba 90, kuma wannan ya shafi kowane injin jirgi, mai bugu biyu da mai bugu huɗu.

Akwatin yana da sukurori biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. A tsayar da inji, a sa kwano, a fara kwance na ƙasa. Man zai ɗan ɗiga kawai. Sai an kwance na sama iska ta shiga sannan zai zubo. Kada a yi saurin kawar da kwanon, a tsaya a karanta abin da ya fito. Idan launinsa na mai ne, ko da ya yi duhu, lafiya lau. Idan ya fito fari-fari kamar shayin da aka cika wa madara, ko ruwa ne ma ya fara fitowa kafin mai, to roba ta mutu, gulbi yana shiga. A yawancin injuna sukurun ƙasa yana da maganaɗisu a bakinsa. Ɗan gari mai laushi kamar kwalli a jikinsa ba komai ba ne. Amma idan ka murza a yatsa ka ji tsini, haƙoran giya ne suka fara karyewa, a kai wa bakanike kafin a sake ɗaukar fasinja.

Abin da ya fi kashe robar nan a ruwanmu shi ne zaren kamun kifi. Gulbin da Sarkawa da sauran masunta ke shimfiɗa taru da mamari ba ya rabuwa da guntayen zaren roba. Farfela ta naɗe shi, ya shige bayanta inda ido ba ya gani, ya yi ta juyawa da zafi har ya yanka robar. Duk ranar da za a juye man giya a cire farfela a leƙa bayanta, a shafa wa sandar giris kafin a mayar.

Zubawa kuma ta ƙasa ake yi, abin da ke ba mutane mamaki. A sa bakin robar man a ramin ƙasa a yi ta matsawa har sai ya ɓullo ta ramin sama ba kumfa. Dalili shi ne man yana da kauri, akwatin kuma matsattse ne. Ka zuba ta sama, iska za ta maƙale a ciki, ka ɗauka ya cika alhali rabi ne. Da ya ɓullo, a fara ɗaure na sama tukuna, robar tana nan a ƙasa. Rufe saman yana hana iska shiga, don haka idan ka zare robar man ba zai kwararo ba, ka samu sararin ɗaure na ƙasa. Kowane sukuru da 'yar washarsa, ita ma a canza.

Na ban-ruwa

Shi aikinsa bai kai haka ba. A ɗumama, a kashe, a rufe makunnin fetur, a buɗe murfin geji, a kwance notin da ke gindi, a ɗan karkata injin wajen ramin ya tsiyaye sosai. A mayar da noti, a ajiye inji a wuri mai daidai, a zuba mai har ya kawo bakin ramin zubawa. Wajen dubawa ana tsoma gejin ne ba tare da an murɗa shi ba.

Abu ɗaya nake so 'yan'uwa da za su koma gida hutu su duba a gonar Baba. Da yawa cikin injunan nan suna da na'urar da ke kashe inji idan mai ya yi ƙasa. To ana girke inji a gangaren bakin rijiya ko gaɓar gulbi, ya karkace, man ya taru gefe guda, na'ura ta kashe shi. Maimakon a gyara wurin zama, sai a ciro wayar na'urar a ce ita ce ke damun mutane. Inji ya ci gaba da aiki, cokalin nan na ciki yana ɗibar iska. Fartanya biyu da ɗan katako sun isa daidaita wurin. Ka faɗa masa da ladabi, "Baba, a bar wayar nan, ita ce mai gadin injin."

Game da man da za a saya, Honda ta ambaci 10W-30 a matsayin na gama-gari, a kasuwanninmu kuma an fi samun SAE 40 da 20W-50, waɗanda suka fi kauri idan inji ya yi zafi. Lambar da ke gaban W tana nuna yadda man ke gudu da sanyi, ta bayan kuma kaurinsa da zafi. Abin da ya fi lamba muhimmanci shi ne a sayi galan a rufe da hatiminsa. Man awo da ake zubawa a gorar ruwa a bakin titi, kai da mai sayarwar babu mai iya rantsuwa a kan abin da ke ciki.

Ina za a kai tsohon?

Nan ne muka fi sakaci. Mutum ya yi juye tsaf, ya ɗauki kwanon ya watsa a gulbi ko a gindin rijiyar gona. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa man juye guda na mota zai iya gurɓata galan miliyan ɗaya na ruwan sha, wato lita miliyan uku da ɗoriya. Mai ba ya narkewa a ruwa, shimfiɗuwa yake ya zama fatar nan mai launin bakan gizo, ya tare iskar da ke shiga ruwa, ya manne wa kifi a kunnuwan numfashi, ya kashe ƙwai da ƙananan halittun da kifin ke ci. Ruwan da ya wuce Jega kuma ba a Jega yake tsayawa ba. Gulbin Zamfara yana haɗuwa da na Sakkwato, su gangara Kwara, kuma duk tsawon hanyar akwai masu sha da masu wanka da masu shayar da shanu.

Masu bugu biyu dama can suna da nasu laifin ko ba a zubar da komai ba, domin wani kaso na fetur da man da suke sha yana fita ta salansa bai ƙone ba, salansar injin jirgi kuwa a cikin ruwa take. Shi ya sa a tafkin Tahoe na Amurka aka hana irin waɗannan injuna masu kabureta tun 1999. Mu ba mu kai nan ba, ba kuma zan ce talaka ya jefar da abin neman abincinsa ba. Amma wanda ke zuba mai fiye da awo wai don inji ya ji daɗi, ya san rarar gulbi take tafiya.

A fadama kuma lamarin ya fi kusa da baki. Tun da shirin Fadama na Bankin Duniya ya yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse da injuna a farkon shekarun 1990, aka ajiye jigo, noman rani ya dogara ne ga ruwan da ke kusa da saman ƙasa, ƙarƙashin yashi. Man da ka zubar taku biyu daga bakin rijiya, ban-ruwan gobe ne zai tura shi ƙasa, injinka kuma ya jawo shi ya kai wa albasa. Daga wannan tiyon ne ma'aikatan gona ke sha da rana, da shi suke alwala.

Sauran amfanin da ake yi da shi a gida ma a duba. Ana shafa wa shanu da awaki a kan kirci ko gyambo, ana zubawa a masai don wari, wasu har hura wuta suke yi da shi. Tsohon mai yana ɗauke da ragowar ƙuna da ɓurɓushin ƙarafa, kamfanonin mai da kansu suna gargaɗi a guji yawan taɓa shi da fata. Dabba tana lasar jikinta, mu kuma mu sha nononta. Mai juye ya sa safar hannu ko leda, ya wanke hannu da sabulu, ba da fetur ba.

Abin da zai yiwu a nan shi ne a tara shi a jarka mai murfi, kada a gauraya shi da fetur ko ruwa, a ajiye inda yara da awaki ba sa kaiwa, a rubuta a jiki don kada wani ya ɗauka sabo ne. Jarka ta cika a kai wa masu juyen motoci da ke tarawa a durom, ko masu buga bulo da ke shafa wa ma'auninsu. Wannan bai kai sake tace shi a masana'anta ba, amma ya fi gulbi nesa ba kusa ba. Idan mai saye ya zo har gona yana taya shi da tsada, a tambaye shi me zai yi da shi, domin wanda aka tace da tsumma aka zuba a gora zai iya dawo maka a matsayin sabo.

'Yan sashen kanikanci da na injiniyan noma da ke neman aikin kammalawa, ga abu a ƙasa. Famfon zuƙo mai ba wani sihiri ba ne: tulu mai ƙarfi da ba zai lotse ba idan an zuƙe iskar cikinsa, kamar guntun bututun PVC mai kauri da aka toshe bakinsa biyu, famfon keke da aka juya fatarsa ya koma zuƙa maimakon hurawa, bawul mai hanya ɗaya, da siririn tiyo mai ɗan tauri da zai jure ɗumin mai ya kuma shiga ramin geji. A yi wa tulun layin awo a gefe da tiyo mai haske, don matuƙi ya ga lita nawa ta fito. Duk kayan ana samunsu a kasuwar Jega ko Birnin Kebbi, kuma famfo guda zai ishi masu jirage goma a mashiga ɗaya, su riƙa karɓa bi da bi.